Fata Uku Zuwa Kumasi

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A ɗakin malamai ana yi, a majalisar ƙofar gida ana yi, har mai shayin unguwarmu sai da ya ajiye kofi ya ce, "Malam Nasiru, wai da gaske can ma Hausa suke yi?" Na lura kullum na ba da labarin sai ya ƙara tsawo, shi ya sa na ce gara in rubuta shi sau ɗaya kafin in fara ƙarya. Mai jiran labarin teku da dogayen benaye ya yi haƙuri. Ni ba yawon buɗe ido na je ba, fata na kai.

Mahaifina majemi ne a Kano. Na tashi da warin jima a hannunsa da ƙarar turmin Inna tana dakan bagaruwar da yake jima da ita, kuma tun ina ƙarami na gudu daga duka biyun, na zama malamin kimiyyar sinadarai a makarantar sakandare. Yayan Baba, Baffa Ilu, baduku ne. Ya tafi Kumasi tun kafin a haife ni, ya yi aure can, ya zauna. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakin uwarsu. Shekara arba'in da wani abu tsarinsu ɗaya ne: Baba ya jeme fatar akuya, ya haɗa da damin karan dafi, jan karan da ake rini da shi, ya ba direbobi, Baffa kuma ya rina ta ja ya ɗinka gafakar Alƙur'ani da kuben wuƙa. An ce a zangon Kumasi in za a yi saukar Alƙur'ani, gafakar Baffa ake nema.

Bara, bayan babbar salla, fata ɗaya ta dawo. An rina ta, amma ba ja ba ce, launin hanta ne da ɗigo-ɗigon baƙi a jiki. Saƙon murya ya biyo ta a waya: "Sule, in ka gaji da ni ka faɗa. Ba sai ka riƙa tsinto min abin da 'yan kasuwa suka ƙi ba." Baba ya saurara sau ɗaya, ya naɗe fatar ya tura ta ƙarƙashin gado. Daga ranar bai sake ɗaga kiran Baffa ba, bai kuma sake aika ko ƙyallen fata ba. Majemi kana iya ce masa yana wari ya yi dariya, kada dai ka ce fatarsa ba ta jemu ba.

Aka yi wata takwas a haka, dukansu kuwa sun haura saba'in. Inna ce ta tare ni ran nan ta ce, "Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane zuba ruwa a ruwa ya canja launi, ba za ka je ka ga abin da ya sami fatar ubanka ba? Ko sai an aiko mana da rasuwa?" Baba bai ce je ba, bai ce kada ka je ba. Amma da safen da zan tashi na tarar da fata uku a naɗe a zaure, fararen jima da ya zaɓa da hannunsa, da damin kara a gefe. Ya ce da bango, ba da ni ba, "In waɗannan ma ba su yi ba, a ce masa ya nemi wani ƙanen."

Doguwar mota na hau zuwa Legas. Na ƙi a sa min jakar a ƙasa cikin kaya, domin abu ɗaya da na riƙe daga gida shi ne ba a barin jemammiyar fata ta haɗu da ƙarfe da laima. Na rungume ta a cinya. Allah ya haɗa ni zama da wata Hajiya Falmata, 'yar Maiduguri, mai kai turaren wuta da humra Akara. Ba mu kai Zariya ba ta juyo ta ce, "Bawan Allah, me ya mutu a jakarka?" Na yi mata bayani. Ta ce Allah ya shirya tsofaffin, ta fito da kwalba ta fesa wa jakar, ta fesa min. Kafin Lakwaja abin da yake tashi a kujerarmu ba humra ba ne, ba jima ba ne, wani abu ne na uku da har yanzu ban samo sunansa ba. Duk da haka ita ta ciyar da ni dambun nama, ita ta nuna min inda zan kwana a Legas gidan wasu mutanenta, kuma ita ta ja ni kamar raƙumi muka ƙetare iyaka uku a yini guda.

Iyakokin nan duk kusan iri ɗaya ne: a sauka, a bi layi, a nuna fasfo da katin rigakafi, a buga hatimi, a koma mota. A ɗaya daga ciki wani jami'i ya buɗe jakata ya tsaya yana kallon fatun. Tambayarsa ita ce ko abinci ne, domin abinci da takardarsa. Shi a ganinsa ganda na ɗauko, wadda suke ce wa wele. Na ce ai ganda ta saniya ce, wannan kuwa akuya ce kuma an jeme ta. Ya lanƙwasa gefe ya shinshina, ya kira abokin aikinsa. Wannan ya duba, sai na ji ya ce da Hausa tangaram, "Bar shi ya wuce, wannan ba ya dahuwa." Hajiya Falmata ta ce ko ta dahu ba mai ci.

Daga Akara zuwa Kumasi daji ne kore shar, da ruwan sama da ba ya sallama. Abin da ya fi ɗaukar idona shi ne manyan hotunan mamata a bakin hanya, kowanne da murmushinsa da ranar da za a yi jana'izarsa, wata ma sai wata biyu gaba. Mu da muke binne mutum kafin makwabta su gama jin labari, sai na ga abin kamar tallan biki. Amma hotunan tsofaffi ne akasari, kuma ban ji daɗin yadda suka riƙa tuna min da abin da ya kawo ni ba.

Ɗan Baffa na fari, Mutala, shi zai tare ni a tasha. Direban turoturo ne, wato ƙananan motocin haya na garin, kuma sa'ana ne. Na jira shi awa guda cur ina cika ina batsewa. Da ya iso ko gaisuwa ban bari ya gama ba na nuna masa agogo. Ya duba nawa, ya duba nasa, ya fashe da dariya. "Cale, abokina, agogonka yana Najeriya har yanzu. Akwaaba, sannu da zuwa. Ka yi kama da Baaba paa!" Wato na yi kama da Baffa sosai. Ashe suna bayanmu da awa ɗaya, shi a kan lokaci ya zo. A hanya ya ce min, "Mma ya dafa maka abinci tun safe." Uwarsa yake nufi. Ran farko na riƙa dariyar Hausarsu a ciki, su kuma suna dariyar tawa a fili, wai Hausar rediyo nake yi. Kwana uku na ji bakina ya fara karkacewa.

Gidan Baffa a unguwar Asawase yake, babban gidan haya mai ɗakuna kewaye da tsakar gida. Akwai Dagomba, akwai Mosi, akwai Zabarmawa, famfo ɗaya, banɗaki biyu, kuma da Hausa ake faɗan layin wanka. Aka sauke ni a ɗakin da ake ajiye kayan aiki, inda laima ta sa takalmina ya yi furfura cikin kwana huɗu. Ina shiga gidan abin da na fara gani shi ne wani ƙaton magidanci tsaye da taɓarya yana kirɓa sakwara, matarsa na zaune tana juya ta da hannu. Ba wanda ya ko kalle shi. A Kumasi daka aikin maza ne, in dai na sakwara ne. Baffa da ya fito tarona ya bi idona da kallo ya ce, "Shekara arba'in ina gani ban saba ba. Namiji da taɓarya!"

Fuskar Baffa ta Baba ce sak, sai dai ya fi tsawo, kuma hannayensa jajaye ne har wuyan hannu. Hausarsa ta Kano ce, ta da, ko kalma ɗaya ba ta gurɓata ba. Ya tambayi Inna, ya tambayi 'yan uwana, ya tambayi makwabtan da suka shekara goma a ƙasa. Sai can ƙarshe ya ce, "Mai fatar fa?"

Na ce, "Yana gaishe ka, Baffa."

Ya ce, "Bai gaishe ni ba."

Ya warware fatun ya ninke ɗaya, ya ciji gefenta, ya shinshina. Ya ce, "A ido ba laifi. Waccan ma a ido ba laifi." Sannan ya ɗaga murya, "Lariba! Ga kara, a daka." Matarsa, Mma Lariba, ta fito. 'Yar Dagomba ce, gajeriya, mai yawan fara'a, ita ke sayar da shinkafa da wake a ƙofar gida da safe, abin da suke kira waakye. Ta zari rabin damin ta tafi da shi. Baffa ya ja ni yawon gaishe da malamai da dattawan zango, inda na koyi cewa a taro daga dama ake fara miƙa hannu a bi layi har hagu, ba a tsallake kowa don girmansa. Da muka dawo da la'asar garin kara yana cikin ƙwarya a rufe, ja wur, mai laushi kamar kwalli.

Washegari da hantsi aka yi rinin, ni ina tsugune ina kallo. Bari in faɗi abin da yake faruwa a ciki, tunda abin da na iya ke nan. Fata zare ne a sarƙe, irin na nama. Abin da bagaruwa take ba ta shi ne bauri, wannan da yake kama maka harshe in ka tauna goro. Yadda yake kama harshe haka yake kama zaren fata ya riƙe shi, ya hana shi ruɓewa. Jan karan dafi kuwa ba ya son fita cikin ruwa zalla, sai an sa kanwa. Ruwan kanwa ne yake narkar da shi ya kai shi cikin zaren. In aka bar shi haka, ruwan da ya shigo da shi zai iya fita da shi. Shi ya sa ake bin fatar da ruwan lemon tsami. Tsamin ya kashe kanwar, jan ya rasa abin da zai narke a ciki, sai ya manne wa zaren da baurin da ke jikinsa, launin kuma ya washe. Baƙi labarinsa daban. Kuloko, ruwan da dukawa suke jiƙa kashin maƙera, wato ɓurɓushin ƙarfen ƙira, a ciki, shi kansa ba wani baƙi ba ne, kamar ruwan kwata yake. Ƙarfen cikinsa ne yake haɗuwa da baurin bagaruwa a jikin fatar, su riƙe juna su zama baƙi, kuma ba wankin da yake raba su.

Baffa bai san ko ɗaya daga sunayen da nake rubutawa a allo ba, amma hannunsa bai yi kuskure ko ɗaya ba. Ya shafa wa fatar man gyaɗa kaɗan, ya dama garin da ruwan kanwa a ƙwarya, ya goga da tsumma, ya ɗauraye da ruwan lemo, ya shanya a inuwa. Da fari ta yi ja har na fara murmushi. Tana shan iska tana duhu. Kafin azahar ta zama hanta, ɗigon baƙi ya fito mata kamar ƙyanda.

Baffa ya ce, "To, malamin kimiyya, ka gani da idonka."

Ba zan ɓoye ba, na karaya. A ran nan na zargi mahaifina a zuciyata, na ce ko tsufa ya fara taɓa aikinsa bai sani ba. Saura fata biyu.

Ɗigon nan ya yi min kama da aikin ƙarfe, na kuwa faɗa wa Baffa. Ya ce in daina koya masa sana'arsa. Ƙarfe ba ya zuwa kusa da rininsa: ƙwarya ce, tsumma ne, allon katako ne, ko wuƙa ba ya ajiyewa a kan ɗanyen aiki. In akwai ƙarfe, daga majemar Kano ya taho. Na fara da ruwa. Ganyen shayi ma yana da bauri, don haka na dafa mai kauri na raba kofi biyu, ɗaya na zuba ruwan da na jiƙa tsatsar ƙusa da lemo, ɗaya na zuba ruwan famfon gidan. Na farko ya yi baƙi ƙirin, na biyu ko gezau. Matan gidan suka tsaya suna kallon baƙon da ya zo daga Najeriya yana ɓata shayi.

Abin da ya buɗe min ido karin kumallo ne. Waakyen Mma Lariba ja ne mai kyau, ana ci da yaji baƙi da taliya da ƙwai da gandar da aka zargi fatuna da zama. Ina ci na tambaye ta me take sa wa ya yi ja haka. Ta ce, "Karan ƙanen Baabanka mana. Ina dafa shi da kanwa." Baffa take ce wa Baabanka. Ta nuna min tukunya, ga karan nan a ciki ɗungurungum, ba a daka ba. Na roƙi kofi ɗaya na ruwan, na bari ya huce don zafi yana ƙona jemammiyar fata. Na yanko gefen ƙafar fatar jiya inda rini bai kai ba, na tsoma, na bi da lemo. Ta bushe da ja mai haske, ba kauri, amma tas, ko ɗigo ɗaya babu. Fatar Baba lafiya lau. Karan ma lafiya, ruwan ma lafiya. Abin da ya rage tsakanin kara da gari shi ne daka.

Na zaga bayan madafa na sami turmin a kife, an ɗora kwanon barkono a kansa. Na juya shi. Cikinsa ja ne na shekaru, amma gizo-gizo ya yi saƙa daga baki zuwa baki. Na kira Mutala ya kawo min maganaɗisun wata matacciyar sifikar motarsa. Na naɗe shi a farar takarda na juya cikin ragowar garin. Da na ɗago, baƙin gashi-gashi ya tsaya a jikin takardar kamar gemun da ya kwana uku.

Na sami Mma Lariba ita kaɗai tana wanke tukwane bayan ta sallami masu saye. Na nuna mata takardar na ce, "Mma, ina aka niƙa wannan?"

Ta ajiye tukunyar da take wankewa. Sannan ta ce, "Nikanika na kai, ɗana. Injin bayan masallaci. Kafaɗa nan ya mutu. Shekara guda ban iya ɗaga shi koraa, ko kaɗan, ɗankwali ma da hannu ɗaya nake ɗaurawa." Sai a lokacin na tuna da hagu ta ɗauki damin, ta kuma ba da haƙuri kamar yadda suke yi in an karɓi abu da hagu.

Na ce mata faifan injin ƙarfe ne, yana ci yana zubar da kansa cikin abin da yake niƙa. A garin tuwo ba a gani, a fatar bagaruwa kuwa kowane ƙwayar ƙarfe ɗigon baƙi ne.

Ta ce, "Na farko da ya ɓaci, wallahi ban sani ba. Garin ya fi laushi ma, na ce Allah ya kawo sauƙi. Na biyu na fara tunani. Kafin na uku Baabanka ya riga ya aika magana ma ƙanenshi. Sai bakina ya yi nauyi. Kullum ya fi jiya nauyi."

"Me ya hana ki sa Mutala ya daka?"

"A gidan nan? Mutala yana daka fufu ma matanshi a Ayigya kowane Lahadi, amma Baabanshi bai sani ba."

Na ji tausayinta, na kuma ji haushinta, duka a lokaci ɗaya. Wata takwas mahaifina yana kwana a kan fatar da aka ce ya cuci ɗan uwansa da ita. Na ce mata ba zan iya komawa Kano da bakina a rufe ba. Ta ce ta sani. Ta share hannu a zane ta ce, "Kai kada ka faɗa. Ɗauki sauran kara ka daka. In ya ji zai fito. Ni zan yi magana."

Haka na wanke turmi na tsaya a tsakar gidan mutane da taɓarya, karo na farko a rayuwata. Bugun farko karan ya yi tsalle ya watse a ƙasa. Matan gidan suka kwashe da dariya, wata ta zo ta gyara min tsayuwa. Busasshen karan dafi ba ya dakuwa da daɗi, santsi gare shi, yana gudun taɓarya, jar ƙurarsa tana shiga hanci. Ban yi minti biyar ba Baffa ya fito daga shagonsa da basilla a hannu.

"Nasiru! Me kake yi da taɓarya?"

Sai ya tsaya. Ya dubi turmin, ya dubi matarsa. A hankali ya ce, "Yaushe rabon da in ji wannan ƙarar a gidan nan?"

Mma Lariba ta faɗa masa duka, a tsaye, a gaban kowa, ba ta rage komai ba. Na miƙa masa takardar. Na shirya masa dogon bayani irin na aji, ban sami yin ko kalma ɗaya ba. Ya murza baƙin a tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya ce, "Ashe kuloko na yi ta shafa wa fatar Sule da hannuna."

Kowa a gidan yana jiran faɗa. Ni ma shi nake jira. Baffa ya ajiye basillar a bakin taga ya ce min, "Ba ni." Ya karɓi taɓaryar ya tattare hannun riga. Na ƙirga, ya yi bugu goma sha huɗu. Ya jingina ta da bango yana haki, ya dafe kafaɗa.

Ya dubi matarsa ya ce, "Haka yake?"

Ta ce, "Haka yake."

"Shekara nawa?"

"Arba'in da uku."

Ya ɗauki basillarsa ya koma shago. Da yamma na ji yana waya da Mutala, yana cewa gobe ya ajiye mota ya kai uwarsa asibiti a duba kafaɗarta, in sun dawo kuma akwai daka. Ni da Mutala muka ƙarasa shi cikin kwana biyu. Ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, Baffa ya gani, ya yi kamar bai gani ba.

Fata ta biyu ta fito ja kamar tattasai. Da ta bushe Baffa ya jiƙa farin ƙyalle ya goga da ƙarfi, ƙyallen ya tashi fari. Kwana huɗu ya yi yana ɗinka ta gafaka, ba ya karɓar aikin kowa. Ta ukun ya rina ta ya bar ta sukutum, ya ce ta koma Kano a madadin waccan da ya mayar. Ranar da zan taho ya rako ni har bakin titi. Na ce, "Baffa, me zan ce wa Baba?" Ya ce, "Ba shi kawai, ya iya karatun fata." Motar Mutala ta fara tafiya sai ya buga gefenta, ya leƙo ta taga ya ce, "Ka ce masa ni ne mai laifin."

Hanyar dawowa ba ta da labari, sai dai jami'in nan na iyaka ya gane ni ya tambaya ko na dafa.

Na sami Baba a tsakar gida da hantsi. Na ajiye masa kayan a gabansa. Ya warware jar fatar a cinya, ya lashi babban yatsa ya goga, ya duba yatsan. Ya juya gafakar ya bi ɗinkin da farce. Sannan na ba shi labari tun daga shayi har maganaɗisu, na ƙare da saƙon. Ya naɗe fatar ya ɗora gafakar a kai.

Ya ce, "Kira min shi."

Na kira, na buɗe muryar kowa ya ji. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Suka yi maganar ruwan sama, da tsadar akuya, da ciwon gwiwa. Ba wanda ya ambaci hanta. Can Baba ya ce, "Yaya, an ce ka koyi daka." Dariyar Baffa ta cika gidan. Baba ya samu abin tsokana ya ƙi saki, ya ce, "Amma kai ma dai! Shekara arba'in da uku baiwar Allah tana daka a gidanka, ba ka san nauyin taɓarya ba?"

Inna tana bakin ƙofarta tana tsince bagaruwa a faifai. Ba ta ɗago ba ta ce, "Arba'in da uku? Na fi ta da ɗaya."

Kunya ta rufe Baba. Ni ma kunya ta kama ni, don na je har Kumasi na gano kafaɗar matar wani, ban taɓa duba ta uwata ba. Sai muryar Baffa ta fito daga wayar, ashe ya ji.

"Sule, tashi ka ɗauki taɓarya. Ni na yi goma sha huɗu."

Baba ya yi tara. Sauran ni nake yi, kowace Asabar.